ƘASHIN BAYA IDAN YA TSAGE KO YA ZAME: TARIHIN AIKIN DA MUKE TSORO

 Yau zan ɗan kauce wa zancen kasuwa da na zaman baƙunta da muka saba, in ɗauko wani tarihi wanda a ganina ya shafe mu fiye da yadda muke zato, wato tarihin yadda likitoci suka koyi yi wa ƙashin baya aiki idan ya tsage ko ya zame.

Dalilina kuwa shi ne, akwai wata magana da ta zama kamar doka a unguwanninmu: komai wuya kada ka yarda a taɓa maka baya, duk wanda aka yi wa aikin baya a keken guragu zai ƙare. Na ji ta a bakin dattawa, na ji ta a bakin samari masu waya a hannu. A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda da zarar an ɗauki hoton bayansu an ce ƙashi ya goce, sai hankali ya tashi, a fara zancen sayar da gonar gado a gida don a haɗa kuɗin tiyata. Ni ɗan mai sayar da goro ne, karatuna sakandare, amma da yake ni ake yawan miƙo wa takardar asibiti a rumfa a ce in karanta, sai na bi diddigin abin, kuma abin da na tarar yana da amsar da zai ba kowane ɓangare.

Da farko a san ƙashin da ake magana a kai. Ƙashin bayan mutum gaɓoɓi ne da aka jera ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a tsatso. Ƙarƙashin biyar ɗin nan sai wani faffaɗan ƙashi da ya shige tsakanin ƙasusuwan ƙugu. Kowace gaɓa tana da dunƙule a gaba, shi ke ɗaukar nauyi, tana kuma da zobe a baya inda laka da jijiyoyi ke wucewa. A jikin zoben akwai ƙugiyoyi, biyu sama biyu ƙasa, su ke sarƙe gaɓa da 'yar'uwarta. Tsakanin ƙugiyar sama da ta ƙasa akwai wani siririn wuya na ƙashi, kuma shi ne ke tsagewa. Ba faɗuwa ɗaya ke tsaga shi ba galibi, yawan lanƙwasa baya ne da murɗa shi, yau da gobe, kamar yadda waya ke tsinkewa idan an yi ta lanƙwasa ta a wuri guda. Fiye da kashi 85 cikin 100 na irin wannan tsagewa a gaɓa ta biyar ake samunta, wato ta ƙarshe, saboda ita ce ke zaune a kan gangara kamar buhun da aka ajiye a kan katakon da ya karkace. Idan wuyan ya tsage ta dama da hagu, ƙugiyar baya ta daina riƙewa, sai dunƙulen ya samu damar sulalewa gaba.

Abin mamaki, waɗanda suka fara gano wannan cuta likitocin haihuwa ne. A shekarar 1782 wani likita mai suna Herbiniaux a garin Brussels, a ƙasar da yau ake kira Beljiyam, ya rubuta cewa akwai matan da naƙuda ke yi wa wuya saboda wani ƙashi da ya turo kai ya tsuke hanyar da jariri zai bi. A wancan zamani ba a fiɗa ciki a ciro jariri uwa ta rayu sai ɗaiɗaiku, don haka gaɓar da ta zame sosai tana iya zama ajalin mace da ɗanta. Shekara 72 bayan haka, a 1854, wani malamin ilimin haihuwa a garin Bonn na Jamus, Hermann Kilian, ya raɗa wa cutar suna daga kalmomi biyu na harshen Girka, ɗaya na nufin gaɓar baya, ɗaya na nufin zamewa. Shi ne dogon sunan nan spondylolisthesis da kuke gani a takardar asibiti, wanda tsawonsa kaɗai ya isa ya kaɗa hantar mutum. Idan tsagewa ce kawai ba a kai ga zamewa ba, sai a rubuta spondylolysis. A 1855 wani likita mai suna Robert a garin Koblenz ya gwada a jikin gawa, ya nuna cewa muddin zoben baya na nan lafiya gaɓa ba ta zamewa, sai an datse shi. Sannan a shekarun 1880 wani likitan mata daga birnin Warsaw, Franz Neugebauer, ya yi ta zagaya ɗakunan ajiyar ƙasusuwa na Turai yana duba irin waɗannan gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya.

Kun ga ke nan sama da shekara ɗari an san cutar amma a jikin matattu ake karanta ta. Mai rai ba a ganin cikinsa, kuma ba mai ƙarfin halin buɗe bayansa. Abubuwa uku suka canza wannan. A 1846 aka nuna wa duniya maganin sa barci a wani asibiti a Boston, a 1867 Joseph Lister ya bayyana yadda ake kashe ƙwayoyin cuta a wurin tiyata, a 1895 kuma Bajamushen nan Röntgen ya gano hasken da ke ɗaukar hoton ƙashi. Da hoto ya samu, sai aka ga ashe cutar ba ta mata masu naƙuda kaɗai ba ce, maza ma suna da ita, har da yara.

Dabarar da har yau ake dogaro da ita kuwa, daga wata cuta daban aka aro ta. A farkon ƙarni na 20 tarin fuka yana cin ƙashin bayan yara a biranen Turai da Amurka, gaɓoɓi su ruɓe su rufta, yaro ya yi ƙusumbi, wani ya shanye. A shekarar 1911 likitoci biyu a birnin New York, Russell Hibbs da Fred Albee, kowa da hanyarsa, suka fito da dabarar haɗe gaɓoɓi su zama ƙashi guda. Albee yakan yanko tsinken ƙashi daga ƙwaurin mara lafiyan, ya tsaga ƙayoyin baya ya cusa shi a tsakani. Shi kuwa Hibbs yakan kankare ƙashin wurin ya karya ƙayoyin ya kwantar da su kan juna. Hikimar ɗaya ce: a yaudari jiki ya ɗauka karaya ce ta samu, ya yi ɗorinsa da kansa. A nan nake ganin maɗoran gargajiyarmu da waɗannan Turawa sun haɗu a abu guda, dukkansu sun san ba hannun mutum ke haɗa ƙashi ba, iyakar mutum ya jera ya hana motsi, sauran na Allah ne. Bambancin shi ne ƙashin ƙwauri ana iya ɗaure shi da kara da tsumma, gaɓar da ke can cikin tsatso kuwa ba karan da zai kai gare ta. Saboda haka bayan irin wannan aiki sai a zuba wa mutum filasta daga ƙirji zuwa cinya, ya yi watanni a kwance, kuma duk da haka a wasu ƙashin ya ƙi haɗuwa.

A 1932 wani likitan asibitin Mayo a Amurka, Henry Meyerding, ya kawo ma'aunin da har yau shi ake rubutawa a takarda. Ya raba saman ƙashin da ke ƙasa gida huɗu. Idan gaɓa ta zame ba ta wuce kwata ba, mataki na 1 ke nan. Zuwa rabi, mataki na 2. Zuwa kwata uku, mataki na 3. Zuwa ƙarshe, mataki na 4. Daga baya aka ƙara na 5, inda gaɓar ta faɗo gaba ɗaya. Don Allah duk wanda aka ba takarda ya nemi wannan lamba, domin akwai tazara mai nisa tsakanin mai mataki na 1 da mai mataki na 4, alhali sunan cutarsu ɗaya. Mafi yawan mutane a na 1 da na 2 suke.

Daga nan sai aka shiga zamanin gwaje-gwaje. A 1933 wani likita a Landan mai suna Burns ya yi wa wani yaro ɗan shekara 14 aiki ta ciki, ya huda gaɓa ta biyar zuwa ƙashin da ke ƙarƙashinta ya kafa turken ƙashin ƙwauri. A shekarun 1940 Ralph Cloward a Honolulu ya fara cire guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓi ta baya yana cike gurbin da ƙashi. A 1955 Gerald Gill ya ce ai zoben da ya ɓalle shi ke danne jijiya, a cire shi kawai a huta, ba sai an haɗe komai ba. Wasu manya sun ji sauƙi da hakan, amma a yara sai aka ga zamewar tana ƙaruwa, tunda an cire ɗan abin da ya rage yana riƙewa. Ba zan tsaya kan kowane suna ba, suna da yawa.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne Raymond Roy-Camille, haifaffen tsibirin Martinique da ya yi aiki a Faris. Matsalar da ta dami kowa ita ce ina za a kafa ƙarfe a gaɓar baya ya riƙe da ƙarfi. An gwada waya tun 1891, an gwada ƙugiya da dogon ƙarfe irin na Paul Harrington na Houston. Shi Roy-Camille, tun daga 1963, ya riƙa murɗa sukuru ta cikin wasu ginshiƙai biyu da ke haɗa zoben baya da dunƙulen gaba, waɗanda su ne wurin da ya fi ƙwari a gaɓar. Faɗin ginshiƙin bai fi na ɗan yatsa ba, jijiya na wucewa daf da shi, don haka da farko likitoci da yawa sun ɗauki abin ganganci ne. Ya buga sakamakonsa a 1970, kuma zuwa shekarun 1980 dabarar ta bazu. Ita ce ta raba mutane da kwanciyar watanni cikin filasta, domin yanzu ƙarfen ke riƙe gaɓoɓin daga ciki har ƙashi ya haɗu, mara lafiya kuma yakan miƙe tsaye cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma ba ta wuce salin-alin ba. A ƙarshen 1993 wani shirin talabijin a Amurka ya nuna mutanen da sukurun ya karye a jikinsu ko ya taɓa musu jijiya, dubban mutane suka kai ƙara kotu, sai a 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da shi a fili don wasu cututtuka, cikinsu har da zamewar gaɓa. Wato ko a can ma tsoron aikin baya ba baƙo ba ne.

Akwai kuma waɗanda suka yi wata tambaya mai ma'ana: idan matashi ne, tsagewa ce kawai, guringuntsinsa lafiya lau, me zai sa a kashe masa gaɓa guda har abada? Me zai hana a ɗora wuyan da ya tsage kaɗai? Kimura a Japan ya fara yin haka a 1968, yana kankare tsagar yana cika ta da sabon ƙashi. A 1970 wani likitan Ingila mai suna Buck ya ƙara da sukuru guda da ke ratsa tsagar. A 1984 Erwin Morscher a Basel ya haɗa ƙugiya da sukuru, Scott kuma a Edinburgh ya yi amfani da waya yana ɗaurewa. 'Yan wasa ne suka fi cin moriyar wannan, musamman masu jifan ƙwallo a wasan kurket, waɗanda ke gantsarewa su murɗa baya sau ɗaruruwa a mako. Dubi mutum biyu. Dennis Lillee na Ostireliya bayansa ya tsage a 1973, ba a yi masa aiki ba, ya yi mako shida cikin filasta sannan ya daɗe yana motsa jiki, ya dawo fili a ƙarshen 1974 ya ci gaba da tashe. Jasprit Bumrah na Indiya kuwa, bayan hutu ya ƙi yi masa magani, an yi masa aiki a garin Christchurch na New Zealand a watan Maris na 2023, ya dawo a watan Agusta, a 2024 kuma aka zaɓe shi gwarzon gasar kofin duniya da ƙasarsa ta ci. Ga wanda aka taɓa wa baya, kuma ba a keke ya ƙare ba.

To amma babin da ya fi burge ni a duk tarihin nan babu wuƙa a cikinsa. Daga 1955 wasu likitoci a jihar Pennsylvania ta Amurka suka ɗauki hoton bayan yara 500 'yan aji ɗaya na firamare, lafiyayyu, ba wanda ya zo da ƙorafi. Suka tarar kashi 4.4 cikin 100 suna da tsagewar tun suna shekara 6, da suka girma adadin ya kai kashi 6. Aka ci gaba da bin waɗanda aka samu da ita har shekara 45, aka buga sakamakon a 2003. Abin da aka gani shi ne, zamewar tana raguwar gudu da kowace shekara goma, ƙaruwarta ba ta tafiya tare da ciwon baya, kuma lafiyarsu gaba ɗaya ba ta bambanta da ta sa'o'insu ba. Ku yi lissafi da kanku: a duk sahun masallacin da ke da mutum 50, ana iya samun uku masu wannan tsaga, yawancinsu ba su sani ba, kuma ba za su taɓa sani ba. Wani binciken na 1981 ya duba mutum 143 da ba su taɓa tafiya da ƙafarsu ba tun haihuwa, ba a samu ko ɗaya mai tsagar ba. Ashe ladan tsayuwa da tafiya ce ɗan Adam ke biya.

Wannan ya zo daidai da abin da ya faru da wani ɗan dako da ya daɗe yana sauke wa mahaifina huhun goro. Baya ya matsa masa, aka ɗauki hoto, aka ga zamewa mataki na 1. Kafin a koma wurin likita har an fara karo-karo a layinmu, wasu na cewa a mai da shi gida kawai. Likitan ya duba ƙarfin ƙafafunsa, ya sa shi ya taka da dunduniya ya taka da yatsu, ya ce wataƙila ma wannan zamewa tana nan tun yana yaro, ya tura shi sashen gashi aka koya masa motsa jikin da ke ƙarfafa naman ciki da na baya. Yau yana nan yana aikinsa, sai dai ya bar ɗauka a ka ya koma tura baro. Kuɗin karo-karon ma da shi aka sayi baron.

Sai dai kada wani ya ɗauki wannan ya ce ashe dattawa sun yi gaskiya. A 1976 likitoci uku, Wiltse da Newman da Macnab, suka raba zamewar gaɓa gida biyar bisa dalilinta, kuma biyu daga ciki ba a wasa da su. Akwai ta yaran da aka haifa da ƙugiyoyi marasa ƙwari, wadda kan yi gudu lokacin da yaro ke tsawo, tsakanin shekara 10 zuwa 15. Za ka ga tafiyarsa ta canza, jijiyar bayan cinya ta ɗaure, kamar an gajarta masa gangar jiki. Idan ta wuce rabi, yawanci aiki ake yi ko da ciwon bai tsananta ba. Akwai kuma ta tsufa, wadda babu tsaga a cikinta, ƙugiyoyin ne suka cinye. Ta fi kama mata da suka haura 50, ta fi zuwa tsakanin gaɓa ta huɗu da ta biyar. Da yake zoben bai ɓalle ba, idan gaɓar ta matsa gaba sai ta tsuke hanyar jijiyoyi. Wata gwaggona ta yi wannan. Idan ta taso daga gida zuwa bakin titi sai ƙafafu su yi nauyi su mutu, sai ta tsaya ta sunkuya ta dafa teburin mai kayan miya, bayan ɗan lokaci su saki. Shekara biyu ana ƙaho ana shafe-shafe, har wani ya taka mata baya wai zai mai da ƙashin. Sai da ta fara jan ƙafa ɗaya takalmi na zare mata ba ta sani ba sannan aka yarda aka je asibiti. An buɗe wa jijiyoyin hanya, nauyin ƙafafun ya tafi, tana zuwa biki da suna da ƙafarta, amma jan ƙafar nan bai gama komawa ba, domin jijiyar ta daɗe a danne. Wanda duk ya ga ƙafa na raunana, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba bai sani ba, wannan ba na gobe ba ne, na ranar ne.

Ni dai ina da zato kan inda maganar keken guragu ta samo asali a wurinmu. Mutanenmu sun fi sanin aikin baya ta hanyar haɗarin mota, direba ko yaron tirela ko fasinjan saman kaya ya karya baya a hanyar Arewa, laka ta riga ta tsinke tun a wurin, a yi masa aiki don a tsai da ƙashin, ya fito a keke, sai a ɗora wa wuƙa laifin. Alhali ita laka a babban mutum tana ƙarewa ne wajen gaɓar tsatso ta ɗaya zuwa ta biyu. Daga nan zuwa ƙasa jijiyoyi ne a sake kamar gashin wutsiyar doki. Aikin da ake yi a gaɓa ta huɗu da ta biyar yana ƙasa da laka. Haɗari akwai shi, ba a ɓoyewa: jijiya na iya taɓuwa ƙafa ta raunana, ciwo na iya ruwa, ƙashi na iya ƙin haɗuwa, gaɓar da ke sama na iya gajiya bayan shekaru a sake komawa. An fi samun taɓuwar jijiya idan aka ce sai an jawo gaɓar da ta zame sosai an mai da ita mazauninta. Likitocin Helsinki a ƙasar Finlan sun bi yaran da aka yi wa aiki shekaru da yawa, suka ba da rahoto a 2006 cewa waɗanda aka haɗe wa gaɓar a inda ta tsaya sun fi jin daɗin jikinsu a kan waɗanda aka jawo musu ita, duk da cewa hoton na biyun ya fi kyan gani. Har yau likitoci na muhawara a kan wannan.

Muhawarar da ta fi shafar aljihunmu kuwa ita ce ta ƙarfe. A 2000 likitoci biyu a Suwidin, Möller da Hedlund, suka raba manya 111 masu zamewar tsaga da ciwo ya daɗe yana damu, wasu aka haɗe musu gaɓa da sukuru, wasu aka haɗe ba sukuru, wasu aka sa su motsa jiki kawai. Bayan shekara biyu waɗanda aka yi wa aiki sun fi samun sauƙi, amma masu sukuru ba su fi marasa sukuru ba, kuma da aka sake duba su bayan kimanin shekara 9 ratar da ke tsakanin aiki da motsa jiki ta ragu. Game da zamewar tsufa kuma, a 2016 wata babbar mujallar likitoci ta Boston ta buga bincike biyu a fitowa ɗaya suna karo da juna. Na Suwidin, mai mutum 247, ya ce buɗe wa jijiya hanya kaɗai ya wadatar, ƙara haɗe gaɓa bai ƙara komai ba sai tsawon aiki da zubar jini da kuɗi. Na Amurka, mai mutum 66, ya ce haɗewar ta ɗan fi, kuma waɗanda ba a haɗe wa ba kashi 34 cikin 100 sun sake komawa tiyata, a kan kashi 14 na waɗanda aka haɗe wa. A 2021 'yan Norway suka zo da nasu mai mutum 267, suka goyi bayan maƙwabtansu na Suwidin.

A can hukuma ko kamfanin inshora ke biya, muhawara ce ta masana. A nan kuwa sukuru da sandunan ƙarfen daga waje ake shigo da su, da kuɗin waje, kuma galibi daga aljihun dangi suke fita. Asibitocin ƙashi muna da su tun da daɗewa: na Igbobi a Legas ya faro ne a 1943 a matsayin sansanin jinyar sojojin yaƙin duniya na biyu, na Dala a Kano an buɗe shi a 1959, na Inugu ya zo bayan yaƙin basasa, ga kuma asibitin koyarwa na nan Ibadan tun 1957, kuma a yau akwai likitocin ƙashi da na jijiya 'yan ƙasa da ke yin irin wannan aiki. Idan an rubuta maka lissafi, ba rashin kunya ba ne ka ce: Likita, Allah ya ba ka nasara, mataki na nawa ne, ciwon daga ƙashin yake ko daga jijiya, an gwada gashi da motsa jiki na wata uku zuwa shida, kuma a nawa bayan buɗe hanya kaɗai zai yi ko dole sai da ƙarfe? Akwai bayan da ke motsi idan an ɗauki hoto a sunkuye da a miƙe, wannan shi ne wanda aka fi sa wa ƙarfe, kuma hoton biyu ne kacal, na talaka, ana ɗaukarsa a tsaye.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. A gaida mutanen zango. Wassalam.